Hulunan ƙarfe a kan kibod: inda suke da amfani da inda suke jawo ɓarna

Tambaya daga wani mai shagon buga takardu a Ringim, jihar Jigawa: "Assalamu alaikum Malam. Na sayi kibod na hannu, irin wanda kowane madanni yake da suwic ɗinsa a ƙasa, suwic ɗin jajaye ne. Yana da daɗin aiki, amma haruffan sun fara gogewa, A da S da N duk sun ɓace, yaran da nake koya wa bugu suna ta lalube. Na ga ana tallar hulunan madannai na ƙarfe a intanet, sai na ce ko in canza su gaba ɗaya in huta. Za su shiga? Ba za su lalata kibod ɗin ba? Kuma da janareta da sola muke aiki, wani lokaci jikin kwamfutar yana ɗan ja na. Idan na sa ƙarfe a ƙarƙashin yatsuna, wuta ba za ta kama ni ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko hular za ta zauna a kan suwic ɗinka, ko suwic ɗin zai iya ɗaukar nauyinta, da kuma batun wuta. Akwai ta huɗu da ba ka yi ba, wato ko ƙarfen ne ma maganin gogewar haruffa. Amsata a taƙaice ita ce, ka sa ƙarfe a madanni ɗaya ko 'yan kaɗan in kana sha'awa, amma kada ka mayar da kibod ɗin da kake cin abinci da shi ƙarfe gaba ɗaya. Ga dalilai.

Fara da cire hula ɗaya ka duba

Kafin maganar kuɗi, zare kibod ɗin daga kwamfuta, ka ɗaga hular Esc a hankali ka kalli abin da ke ƙarƙashinta. Idan ka ga ɗan ƙaho na roba mai siffar alamar tarawa, faɗinsa kamar milimita 4, to kana kan tsarin Cherry MX, wanda kamfanin Cherry ya fito da shi tun shekarun 1980, kuma Gateron da Kailh da Outemu suka bi sahunsa. Kusan duk hulunan ƙarfen da ake sayarwa don wannan ƙahon aka ƙera su. Idan kuwa ka ga ramuka biyu a kan suwic gajere, ko ramuka huɗu irin na Romer-G na wasu kibod ɗin Logitech, ko kuma wata 'yar tulluwar roba mai laushi kamar ta kibod ɗin ofis, to magana ta ƙare, ba za su shiga ba ko da ka matsa. Akwai kibod masu fitilu kala-kala da ake sayarwa da sunan na makanikal, wato masu suwic a ƙarƙashin kowane madanni, alhali tulluwar roba ce a ciki. Tunda ka ce ka ga jan suwic, da alama naka na gaske ne.

Shigar ƙaho ba ita kaɗai ba ce. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar madanni da na kusa da shi milimita 19.05 ce, ita ake kira 1u, kuma da ita ake auna dogayen madannai. A tsarin Amurka mai madannai 104, Backspace 2u ne, Enter da Shift na hagu 2.25u, Shift na dama 2.75u, dogon madannin tazara kuma galibi 6.25u. Kayan hannu da suka fito daga Ingila kuwa tsarinsu daban ne: madannai 105, Enter ɗinsu mai tsayi ne ya ci layi biyu, Shift na hagu kuma ɗan guntu. Wanda ya yi odar saiti bai duba wannan ba, sai kaya sun iso ya tarar da Enter ba wurin zama. Haka nan tsayin hula ya bambanta daga layi zuwa layi, kuma kowane salo da nasa tsayin, akwai OEM, akwai Cherry da ya fi shi gajarta, akwai SA mai tsawo sosai. Hular da aka yi wa layin lambobi in ka ɗora ta a layin A S D, yatsa zai riƙa tuntuɓe da ita.

Nauyi da sifirin

Nan ne gizo ke saƙar. A cikin kowane suwic akwai ɗan sifirin da ke mayar da madanni sama bayan ka ɗaga yatsa. An auna shi ne da hular roba a zuciya, ita kuwa nauyinta bai wuce giram ɗaya da 'yan kai ba. Ƙarfe kuma ba iri ɗaya ba ne. A kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, robar ABS tana da kamar giram 1.05, PBT kamar 1.3, alminiyom 2.7, taitaniyom 4.5, gamin zinki, wato irin ƙarfen da ake zuba kan zif da kan bel da shi, kusan 6.6, ƙarfen cokali marar tsatsa kusan 8, tagulla mai ruwan ɗorawa kuma kamar 8.5. Ke nan in aka yi hula da siffa ɗaya da kauri ɗaya, ta alminiyom za ta kai giram 3, ta zinki giram 6 zuwa 7, ta tagulla 8 ko fiye. Masu ƙera su sukan rage kaurin bango don su rage nauyi, shi ya sa ya kamata ka tambayi mai sayarwa nauyin kowace hula a giram, kada ka tsaya ga hoto.

Jan suwic irin Cherry MX Red yana tafiyar milimita 4 daga sama zuwa ƙasa, harafi yana fita a milimita 2, kuma ƙarfin da ake bukata a wannan wurin kamar giram 45 ne. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, ba 45 ɗin ce ke riƙe da hula a sama ba. A can sama sifirin bai matsu sosai ba, ƙarfinsa kamar giram 30 ne, yana ƙaruwa har ya kai wajen 60 a ƙasa. To hula mai giram 7 a kan harafi ɗaya ba za ta danne shi ba, sai dai ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ke riƙe da shi. Madannin zai yi sauƙin faɗawa, gefen yatsa ya ɗan goge shi sai harafi ya fito, dawowarsa kuma ta yi ɗan nawa. Mai wasan kwamfuta da ya sa huɗu kawai ba zai damu ba. Mai buga takardar yarjejeniyar gona ko aikin ɗalibi shafi hamsin zai ga kurakurai sun ƙaru, ya rasa daga ina.

Dogon madannin tazara shi ne inda abin yake fitowa fili. Na roba yakan kai giram 5 zuwa 7. Irinsa na alminiyom zai kai wajen 15, na zinki ya haura 30, na tagulla ya doshi 45 ko ya wuce, kuma suwic ɗaya ne tak a tsakiyarsa yake ɗauke da shi. Wayar da ke ƙarƙashinsa da 'yan ƙafafun nan biyu na gefe, waɗanda ake kira sitabilaiza, ba irin ta wutar lantarki ba, ba su da sifirin ko kaɗan. Aikinsu kawai su hana shi karkacewa, kuma su ma suna ƙara masa gogayya. Sai ka ga madannin ya zauna a ɗan nutse, ka danna ya ƙi tasowa da wuri, ko ya maƙale kwamfuta ta yi ta zuba tazara a shafi har sai ka ɗaga shi da farce. Ƙurar hunturu ta shiga cikin man da ke jikin wayar, abin ya ƙara muni. Ko da hular roba ma, Cherry da kansu sun saba sa suwic mafi tauri a ƙarƙashin wannan madannin: kore a kibod mai shuɗin suwic, ruwan toka a mai baƙi.

Akwai gwajin da nake sa duk mai wannan niyya ya yi kafin ya kashe ko sisi. Ƙaramin batirin rimot, AAA, nauyinsa wajen giram 10 ne, babban wansa AA kuma wajen 20, gwargwadon irinsa. Manna AAA ɗaya da salatif a kan madannin Esc ko wani na gefe, ka danna shi sau ashirin da sauri, za ka ji abin da hular tagulla za ta yi. Sannan kwantar da AA ɗaya da AAA ɗaya a kan madannin tazara ka manna, ka buɗe shafin rubutu ka buga layi biyar. In ka ga tazara tana ninkuwa ko madannin yana tasowa kamar mai ciwon baya, ka sami amsarka.

Ga wanda ya nace sai ya sa mai nauyi, gyaran shi ne a canza suwic ɗin wannan madannin kaɗai zuwa mai tauri, kamar MX Black mai giram 60, ko a buɗe suwic ɗin a sa masa sifirin mai ƙarfi. In kibod ɗin irin wanda ake zare suwic da ɗan matsefi ne, aikin minti biyu ne. In kuwa liƙe yake da dalma, sai an kwance kibod ɗin an narkar da dalmar ƙafafun suwic ɗin biyu, har da na fitila in akwai. Mai gyaran waya da hannunsa ya faɗa zai iya, amma a ja masa kunne kada ya daɗe da ƙarfen zafi a kan allon, zanen tagullar da ke jiki yana ɗagowa.

Roba tana ba da kai, ƙarfe ba ya yi

Hular roba tana riƙe ƙahon suwic ne saboda raminta yana ɗan buɗewa ya matse. Ƙarfe ba ya buɗewa. In ramin ya yi kaɗan ko da da kaurin gashi ne, ƙahon ne zai ji a jikinsa: ya fere, ko ya tsage, ko kuma ranar da ka zo cire hular ta taho da suwic ɗin gaba ɗaya. Wanda aka fere kuma ba zai sake riƙe hular roba da kyau ba. Shi ya sa hulunan ƙarfe masu kyau sukan zo da ɗan bututun roba a ciki, ƙarfen yana waje kawai. In kana da zaɓi, irin wannan za ka ɗauka.

Wajen sawa, ɗora ta a miƙe ka danna da babban yatsa da ƙarfin da ka saba sa ta roba. In ta tsaya a rabi, kada ka buga, kada ka jijjiga ta hagu da dama. Cire ta ka haska ramin da fitilar waya, sau da yawa ɓurɓushin fenti ne ko ɗan tsinin ƙarfe da ya rage daga zubi, ana kankare shi da bakin allura. Gwajin farko kuma a yi shi a madannin da ba ka damu da shi ba, kamar Scroll Lock ko Pause. In kuma ramin ya yi yawa hular tana rawa, yanki ɗan murabba'in farar leda marar kauri, kamar faɗin ƙwayar wake, ka shimfiɗa a kan ƙahon ka danna hular a kai. Ninki ɗaya yakan isa. Kada ka kuskura ka ɗiga gam mai kama nan take, zai gangara cikin suwic ya kashe shi. Wajen cirewa a yi amfani da abin cire hula na waya, a ja sama a miƙe, ɗaya hannun yana danne da kibod ɗin. Wayar tana iya karce fenti, don haka a naɗa mata ɗan salatif. Sukudireba ko wuƙa ba su da wuri a nan. Kuma in za ka ɗauki kibod ɗin a babur zuwa wani gari ranar kasuwa, ka cire masu nauyin ka ƙulle su daban, domin gargadar hanya tana sa su yi ta girgiza ƙahon har su faɗi.

Batun wuta

Hular tana zaune ne a kan ƙahon roba, shi kuma yana cikin gidan roba, saboda haka ba ta haɗe da wata waya. Kibod na USB kuma bolt 5 kawai yake sha. Ta wannan fuskar hular ƙarfe ba za ta ja ka ba. Jan da kake ji a jikin kwamfutar daga wani wuri yake: na'urar da ke sauya wutar 230 zuwa ƙaramar wuta tana ɗan yoyo ta hanyar wasu ƙananan kafasito, kuma an tsara yoyon ya bi ƙafa ta uku ta fulogi ya shige ƙasa. A shagon da aka ja waya biyu kawai daga janareta ko inbata, ba inda zai bi sai jikin akwatin kwamfutar, daga nan ya bi kebul zuwa duk ƙarfen da ke jikin kibod. In gidan kibod ɗinka na alminiyom ne, ko farantin da suwic ke zaune a kai a buɗe yake, can za ka ji shi, da hular ƙarfe ko babu. Sai dai hular ƙarfe in ta karkace tana gogar farantin, ta zama gada zuwa yatsanka. Maganin na mai wayarin ne: a kafa sandar at, wato sandar ƙarfe mai sauke yoyon wuta cikin ƙasa, a ƙasa mai danshi, a haɗa ta da ƙafa ta uku ta soket da jikin janareta. Wannan ka yi shi ko ba ka sayi hula ko ɗaya ba, musamman da yake yara suna zama a wurin, wasu ba takalmi a kan siminti.

Akwai kuma tartsatsin hunturu, wanda kake ji in ka taɓa ƙofar mota bayan ka tashi daga kujerar roba. Busasshiyar iska ce ke sa jiki ya tara caji. Ƙarfe a saman madanni yana ba shi gajeriyar hanya zuwa kusa da allon ciki, kuma irin wannan tartsatsin yana iya sa kibod ya ɗauke na ɗan lokaci. Taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka zauna ya wadatar.

A ƙarƙashin yatsa

Ƙarfe da roba da suka kwana a ɗaki ɗaya zafinsu ɗaya ne, bambancin shi ne alminiyom yana ɗaukar zafi ya wuce da shi fiye da roba sau ɗaruruwa. Da safiyar Janairu zai zuƙe ɗumin yatsanka ka ji kamar ka taɓa randa. A watan Afrilu kuma, da rana tsaka a ƙarƙashin rufin kwano, lokacin da zafin ɗaki ya haura na fatar hannu, sai abin ya juya, shi ne zai riƙa zuba maka zafi, balle in rana tana faɗo masa ta taga. Ga santsi in gumi ya zo. Ga ƙara, domin ƙarfe yana ba da amo mai kaifi, kuma a shago mai kwamfuta uku abin yana isar mutum. Wasu saitin ma ba su da ɗan tudun nan na kan F da J, wanda da shi mai bugu yake gane mazaunin yatsunsa ba tare da ya duba ba, ga ka da masu koyo. Fitilar ƙarƙashin madannai kuma ba ta ratsa ƙarfe sai in an huda harafin, kai kuwa da kake aiki da dare a kan batirin sola wataƙila da ita kake gani. In kibod ɗin marar waya ne, cika shi da ƙarfe yana iya rage nisan da yake kamawa.

Gumi ma yana da nasa aikin. Tagulla tana dusashewa ta yi kore-kore ta bar ƙarni a yatsa. Zinki mai rufin ƙyalli yana ɓarewa daga gefe, kuma in da nikel a rufin, masu ƙaiƙayi in sun ɗaura agogon ƙarfe za su ji shi a nan ma. Alminiyom da aka yi wa rufin lantarki, wanda launin ya shiga jikinsa, shi ya fi jurewa, amma kada a wanke shi da sabulun soda ko bilic, suna cin sa. Tsumma mai ɗan danshi ya isa.

Gogewar haruffan

Harafi yana gogewa ne saboda yadda aka rubuta shi, ba don hular roba ce ba. A masu araha, fenti ne aka buga a sama, ko kuma an shafe hular da baƙin fenti aka ƙona harafin da leza. Ba mamaki A ta riga kowa tafiya, ba harafin da Hausa take ci kamarsa. Hulunan ƙarfe masu araha su ma haka ake musu, fenti ne a kan rufi, kuma gumi zai cinye shi kamar yadda ya cinye na farko. Wanda harafinsa ba ya gogewa shi ne wanda aka sassaƙa ya nutse cikin ƙarfen, shi kuma cikakken saitinsa na alminiyom yakan fi kibod irin naka tsada nesa ba kusa ba.

Abin da zai raba ka da wannan matsala shi ne saitin robar PBT mai zubi biyu. A irinsa harafin roba ce mai wani launi da aka zuba ta ratsa jikin hular, ba abin da zai goge sai dai hular ta cinye. Gane shi ba wuya: kifa hular ka duba cikinta, za ka ga launi biyu sun sarƙe kamar saƙar tabarma. In cikin launi ɗaya ne sumul kuma harafin yana da ɗan tudu a farce, fenti ne. Akwai kuma wanda ake turara tawada ta shige cikin PBT ɗin, shi ma yana daɗewa ƙwarai, sai dai ba ya fitar da hasken fitila. In za ka shiga Kano nema, wajen Farm Centre ko titin Beirut, tafi da hularka ta A da ta tazara a aljihu, da hoton kibod ɗin gaba ɗaya, ka gwada tsayi da mazaunin ƙafafun sitabilaiza a gaban mai kaya.

Daga nan ba zan iya auna ƙahon suwic ɗinka ko ramin hular da ka gani a talla ba, kuma jajayen suwic na kamfanoni daban-daban ba su cika yin daidai da lambobin Cherry da na kawo ba, wasu sun ɗan fi tauri, tsofaffi kuma sun saki. Saboda haka gwajin batirin nan shi ne alƙali a kan naka kibod ɗin. In ya nuna sifirin yana da sauran ƙarfi kuma har yanzu ranka yana son ƙarfen, sayi ɗaya ta alminiyom mai bututun roba a ciki ka sa a Esc, ka yi mako biyu da ita. In ta zauna lafiya ka ƙara a kan kibau huɗun nan. Haruffa da Enter da Shift da madannin tazara kuwa ka bar su a PBT.